Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Jami'ar Maraɗi Da Harshen Mutanenta

Wata damina, lokacin da hatsi ya fara fidda kai, na gayyaci wani masanin ƙwarin gona cikin shirin manoma da nake gabatarwa a rediyo nan Maraɗi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi inda yake aiki ba, domin abin da ya faru a ranar laifina ne kafin ya zama na wani. Mutumin ɗan gari ne, in yana gaisuwa sai ka rantse bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Muka gaisa, ya gai da masu saurare, muka buɗe layi. Wani manomi ya kira daga wajen Gazawa ya ce murzuna ta dame su, tsutsar nan da ke shiga zangarniya tana zagaya ta tana cinye ƙwaya tun ba ta nuna ba. Me za su yi?

Baƙona ya fara da Hausa: "To, Alhaji, wannan matsala..." Daga nan sai Faransanci ya ƙwace masa baki. Ya yi ta zuba bayani, ni kuma ina bin sa da fassara kamar mai bin babur da ƙafa. Na ji ya ambaci wani ɗan ƙwaro da ake saki cikin gonaki, na ji ya ambaci ƴan jakunkuna da ake ratayewa, duk na faɗa. Amma maganar da ta fi kowace nauyi ta wuce ni, wato inda aka saki ɗan ƙwaron nan ba a fesa magani, don shi maganin zai fara kashewa. Ban faɗa ba. Bayan mako biyu mutumin ya sake kira. An kai jakunkunan garinsu, shi kuma don ya haɗa ƙarfi biyu sai ya ranto kuɗi ya sayi magani ya fesa. Ya yi asarar jikkunansa, ya kuma kashe ƙwaron da aka kawo don ya taimake shi. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ai da ka faɗa mana." Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da yamma na je na sami masanin a ƙofar gidansa na ba shi labari. Ana dafa shayi, sai wani dattijo maƙwabcinsa ya sa baki ya ce wai wane irin ƙwaro ne wannan da ake kai wa mutane cikin jaka? Masanin ya juya ya ce: "Baba, ka san zanzaro? To ƙanensa ne, ɗan mitsitsi. Sai ya harbi tsutsar ta sandare, ya sa mata ƙwai a jiki, ƴaƴansa su ƙyanƙyashe su cinye ta. In ka fesa magani, sojanka ka kashe." Shi ke nan, bai kai minti ɗaya ba, dattijo ya gyaɗa kai. Na ce masa, don Allah me ya hana ka faɗi haka a rediyo? Ya yi dariya ya ce: "Wannan ai hira ce. Can kuwa aiki nake."

Wannan amsa ita ta sa ni wannan rubutu. Mutumin nan bai rasa kalma ba. An dai raine shi ne, tun daga aji ɗaya har digiri na ƙarshe, a kan cewa Hausa ta shayi ce da gaisuwar suna, ilimi kuwa yana da nasa bakin. Kuma inda ya kamata a warware wannan ƙulli, inda yake da hujjar warwarewa fiye da ko'ina a Nijar, shi ne jami'ar gwamnati da ke cikin garin nan, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo.

Kafin wani ya ɗauka ina cikin masu raina ta, bari in faɗi abin da na sani na tarihinta, don wanda bai san daren jiya ba ba zai gode wa wayewar gari ba. An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Daga wancan lokaci har 2010, kusan shekara arba'in, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar da ta fi Najeriya faɗin ƙasa. Yaron da ya ci jarrabawar bak a Dakoro ko Mayahi ko Madarunfa, sai ya ɗauki akwati ya yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa garin da bai san kowa ba. Yarinya kuwa, sau da yawa a nan karatunta ke tsayawa, don uba nawa ne zai saki ɗiyarsa ta tafi bakin Kwara ita kaɗai? Duk wanda ya girma a nan ya san wata yaya ko wata ƙanwar uwa da ta fi mazan ajinsu ƙoƙari, nisa kawai ya kayar da ita.

A ƙarshen mulkin Tanja Mamadu aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha da ake kira IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, garuruwan nan uku suka sami jami'o'insu. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Rabon da aka yi wa Maraɗi ba na wasa ba ne: sashen kimiyya da fasaha, sashen aikin gona da muhalli, sashen kiwon lafiya, ga kuma IUT. Duba da kyau, mai karatu. Gona, lafiya, sana'a. Waɗannan su ne rayuwar jihar da ƙidayar 2012 ta samu da mutum sama da miliyan uku, jihar hatsi da wake da aya da gujiya da jar akuya, jihar da kuma yunwar 2005 ta fi yi wa ɓarna, inda kalmar tamowa ta shiga bakin kowa. Wanda ya zaɓa wa Maraɗi waɗannan sassa ya san abin da yake yi.

Kuma ana aiki. Dabarar nan ta sakin ƙanen zanzaro a kan murzuna, masu bincike na INRAN da na jami'ar nan suna cikin waɗanda suka yi ta gwada ta a ƙauyuka shekara da shekaru har ta tsaya da ƙafarta. Buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa tam iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da an jefa ƙwayar guba cikin abinci ba, an yi gwajinsa sosai a wannan yanki. Yau akwai likitocin da aka horar a Maraɗi suna duba marasa lafiya. Saboda haka masu cewa jami'o'in jihohi kyautar siyasa ce kawai, manyan lise ne da aka canza wa allo, ba na tare da su. Na san ana fama da ƙarancin azuzuwa, da jinkirin kuɗin tallafin ɗalibai, da yajin aikin da ke sa shekarar karatu ta hau kan wata. Wannan duk gaskiya ne, kuma akwai masu faɗarsa kullum. Nawa ƙorafin daban ne, kuma ko an cika jami'ar da benaye gobe yana nan.

Ƙorafina shi ne: a tsakiyar ƙasar Hausa, a garin da Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi suka kafa, inda har yau sarautar ke amsa sunan Katsina, an gina rijiyar ilimi, amma gugan da aka rataya mata na Faransanci ne kaɗai. Da shi ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, da shi ake rubuta kundin kammala karatu, da shi ake kare shi. Masu jin Faransanci a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Sauran, wato su manoman da aka auna gonakinsu, da matan da aka ƙirga awakinsu, da iyayen da aka auna damtsen ƴaƴansu, su ne kayan binciken, amma ba su ne masu jin sakamakonsa ba. Ɗalibi zai je ƙauye da takardar tambayoyi, ya fassara ta da ka zuwa Hausa, a ba shi fura a ba shi amsa, ya dawo ya mai da amsar Faransanci, ya sami sakamako mai kyau, a ɗaure kundin a jera a kanta. Ƙauyen ba zai sake jin ɗuriyarsa ba. Masani a Faransa ko Kanada zai iya karanta abin da aka gano a gonar mutumin Agye, shi mai gonar ba zai iya ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ban ce babu malaman da ke fita su yi wa mutane bayani da Hausa ba. Akwai su, na san wasu, Allah ya saka musu. Amma ƙoƙarin kansu ne, ko kuma sharaɗin wani aiki da baƙi suka ba da kuɗinsa, ranar da kuɗin ya ƙare bayanin ya ƙare. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Malamin jami'a a nan yana hawa matsayi ne ta hanyar hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Abin da ake aunawa shi ne maƙalun da ya buga a mujallun masana, da ɗaliban da ya duba. Awa ɗaya da ya yi a rediyo yana ceton gonar mutum ɗari ba ta cikin abin da ke ɗaga shi. Mutum mai iyali, mai neman ci gaba, ina kake so ya sa ƙarfinsa? Kowa ya ga inda ake raba goro can yake miƙa hannu. Don haka ba malamai nake tuhuma ba, ma'aunin nake tuhuma, da mu da muka zuba masa ido kamar daga sama ya sauko.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka haifi tushenta a Yamai a 1970. A cikin watan nan kuma aka zartar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. An yi murna, an yi ta kiran waya a shirye-shiryenmu ana barka. Ni ma na yi murna. Amma da na sake karanta layin sai na tuna da masanin nan da kofin shayi a hannu. Hausa harshen ƙasa, waɗancan harsunan aiki. Wannan hira ce, can kuwa aiki nake. In ba a yi hattara ba, abin da ya faɗa mini cikin raha shi ne zai zama yadda za a fahimci doka: a ba Hausa rawani a zaunar da ita a zaure, ofis da asibiti da ajin jami'a kuwa su ci gaba yadda suke. Rawani ba ya noma.

Na san amsoshin da ake bayarwa, don na sha jin su, wasu cikin ladabi wasu cikin izgili. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan magana ta fi ba ni haushi in ta fito daga bakin wanda ke sauraren labaran duniya da Hausa kowace safiya. BBC ta fara watsa shiri da Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, su kansu Faransawa suka buɗe sashen Hausa a RFI a 2007. Shekara da shekaru ana bayanin tauraron ɗan adam, da ɗumamar yanayi, da hauhawar farashi, da makamashin nukiliya, da jirgi maras matuƙi, tsoho a rumfar mai shayi yana bi yana har da musu. Kalmomin nan ba tono su aka yi daga ƙasa ba. Mutane ne irina, waɗanda ba su kai malaman jami'a ilimi ba, agogo ya matsa musu, suka ƙera su, jama'a ta karɓi wasu ta zubar da wasu. A fannin lafiya muna da hawan jini, da amosanin jini, da sanƙarau, da shawara, da ciwon suga, da rigakafi. Harshe yana samun kalma ranar da aka ɗora masa kaya. Shi Faransancin da ake yi mana gori da shi, ƙarni da yawa jami'o'in Faransa da Latin suke koyarwa, sai a 1539 sarkinsu ya yi doka a riƙa rubuta takardun shari'a da mulki da Faransanci. Su ma an taɓa ce musu harshensu na kasuwa ne.

Kuma ba daga tushe za mu fara ba. Tsallaken iyaka kaɗan, a Kano da Sakkwato da Zariya, an daɗe ana rubuta kundin digiri na uku da Hausa a sassan nazarin harshe. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. A nan gida an fara gwajin makarantun harshe biyu a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, Jami'ar Yamai na da sashen nazarin harsuna. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita ɗari ba. Buhun aya yana ƙetare iyakar nan kowace rana, amma kalmar da malamin Katsina ya ƙera sai ta shekara ba ta iso ba.

Amsa ta biyu, wai wannan ƙabilanci ne, ina za a kai Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da sauran ƴan ƙasa? Wannan tambaya tana da nauyi, ba na raina ta, kuma na san akwai waɗanda kundin 2025 ya sosa wa rai saboda ita. Amma ku lura, ba cewa na yi a ɗora wa Tilaberi Hausa ba. Hujjar jami'ar jiha ita ce jihar. Abin da nake nema wa Hausa a Maraɗi shi nake nema wa Zabarmanci a Doso da Tilaberi, da Barbarci a Difa, da Buzanci a Agadas, da Fulatanci duk inda makiyayi yake, har da nan arewacin Dakoro. Ɗalibin da ya zo Maraɗi daga Yamai ba ya jin Hausa, kabu-kabu da mai tuwo suna koya masa cikin wata shida, kowa ya sani. Abin da kasuwa ke yi kyauta, jami'a za ta iya yin sa da tsari. Wanda zai duba mara lafiya a Gidan Rumji, jin harshen mara lafiyar kayan aikinsa ne kamar abin awon zafin jiki.

Ta uku, wai za a rufe wa yaranmu ƙofar duniya, ilimi da Ingilishi da Faransanci yake tafiya. To wa ya ce a jefar da su? Ni kaina da Faransanci na yi karatu, da shi na sami abin da nake ci. Su koyi Faransanci, su koyi Ingilishi, su buga a manyan mujallu, muna alfahari. Ƙari nake nema, ba ragi ba. Kuma duk malamin kirki ya san cewa wanda bai iya bayyana abu da harshen da yake mafarki da shi ba, sau da yawa hadda ya yi. Mun san wannan ciwo tun muna yara. A lakwal ɗinmu akwai wani ƙashi da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Mun koyi maimaita jimla ba tare da mun san abin da take nufi ba. An daina rataya ƙashin a wuya, amma da yawa cikinmu muna ɗauke da shi a ka, har da masu digiri uku.

Ta huɗu, wai babu kuɗi. Wannan ita ce amsar da ke rufe kowane baki a ƙasar nan. To ga abubuwan da nake nema, a duba a gaya mini wanne ne ya fi ƙarfin aljihu.

Duk ɗalibin da zai kare kundinsa a sashen gona ko na lafiya, a wajabta masa shafi ɗaya da Hausa, da minti goma na bayani da baki, a gaban mutum biyu daga cikin waɗanda ya yi bincike a kansu, kuma a sa wannan cikin makinsa. A ɗauki muryar da salula, a tura wa gidajen rediyon jiha, na birni da na karkara. Majalisar manoma ta RECA ta riga ta nuna ana iya wannan, tana aika wa manoma bayanai da murya cikin Hausa da Zabarmanci. Ɗalibin likita kuma, kafin a ba shi takarda, a gwada shi a ga ko zai iya tambayar tsohuwa ciwonta, ya gane abin da take nufi in ta ce zahi ko sanyi, ya kuma gaya mata yadda za ta sha magani ba tare da an kira mai shara ya yi tafinta ba. Jami'a ta kafa zaman ƙera kalmomi, ko sau huɗu a shekara, a zauna da malamanta, da manoma, da ungozoma, da mahauta, da malaman allo, da mu ƴan rediyo, a gayyato na Kano da Katsina da Sakkwato, abin da aka daidaita a kai a buga shi da boko da ajami, don masu karanta ajami a jihar nan ba kaɗan ba ne. Sannan hukuma ta sa wannan aiki cikin abin da ake duba wa malami in za a ba shi matsayi ko kuɗin bincike. In CAMES ba ta ƙirga shi ba, mu mu ƙirga. Ƙasar da ta iya sallamar sojojin Faransa ba za ta ce ta kasa gyara takardar auna malamanta ba.

Wanda ke shakkar abin da ilimi ke yi in ya shiga bakin mutane, ya fita bayan gari ya dubi gonaki. A farkon shekarun 1980 ƙasar nan ta yi fayau, iska na binne shuka da rairayi. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe ɗaya ko biyu aka gyara, itace zai tashi. Manoma suka gwada, suka ƙara da nasu sani, aka sa wa abin suna sassabin zamani, maƙwabci ya gaya wa maƙwabci. Bayan shekara ashirin, da masana suka duba hotunan tauraron ɗan adam, sai suka tarar da kimanin hekta miliyan biyar sun farfaɗo a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da sauransu. Duniya na zuwa kallo. Babban aikin gyaran ƙasa da aka taɓa yi a yankin nan da Hausa ya yaɗu, daga baki zuwa baki. A Faransanci da Ingilishi an dai rubuta labarinsa ne daga baya.

Akwai kuma sunayen da muka rataya a ƙofofin jami'o'inmu, su ma suna da abin faɗa. Abdu Mumuni, masanin hasken rana, a Tasawa aka haife shi, cikin jihar nan, a 1929. Tun 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Ba ɗan rediyo ba ne mai jin haushi, masanin kimiyyar lissafi da makamashi ne da Turawa suka sara wa. Shi kuwa Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi, masanin kimiyya, ya riƙe ma'aikatar ilimi a ƙarshen mulkin Diori Hamani, daga 1974 kuma ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu Faransanci. Ya nuna wa duniya cewa ɗan garin nan zai iya zama a kan kujerar harshen wasu ya riƙe ta da mutunci. Wannan an gama tabbatar da shi, ba sauran abin da za mu nuna wa kowa. Abin da ya rage wa jami'ar da ke ɗauke da sunansa shi ne ɗaya gefen: ta nuna ilimin da aka je aka ɗebo zai iya dawowa gida ya yi magana da uwar wanda ya ɗebo shi.

Mu ma ƴan jarida da namu kason. Mun saba da gayyato masani mu bar shi ya yi ta Faransanci don shirin ya yi kwarjini, mu kuma mu yi ta kame-kamen fassara. Tun daga waccan damina na sa wa kaina doka: baƙon da ke jin Hausa, da Hausa zai yi magana a shirina, in kalma ta ƙi mu tsaya mu neme ta tare a gaban masu saurare. Wasu sun ƙi zuwa. Waɗanda suka zo kuwa, minti biyar na farko suna gumi, daga nan sai bakin ya saki, har su manta da ni. Sau da yawa mai saurare ne ke kira ya ba mu kalmar da muka rasa, don shi ya daɗe da sanin abin, sunansa na boko ne kawai bai sani ba.

Ga shugabannin jami'a da malamanta, ina roƙon a ɗauki wannan a matsayin maganar ɗan gida. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Harajin mai sayar da aya da na mai jar akuya yana cikin albashin da ake biya da bulon da aka ɗora. Ba su nemi a ba su digiri ba. Abin da suke bi bashi shi ne a gaya musu abin da aka gano a gonarsu da jikin ƴaƴansu, cikin harshen da za su iya yin tambaya a kai.

Masanin nan ya dawo shirina daga baya, ya yi bayanin ƙanen zanzaro da Hausa tun daga farko har ƙarshe, layi ya cika har muka ƙara lokaci. Mutumin Gazawa bai kira ba a ranar. Ban sani ba ko yana saurare, ko ya riga ya cire rai da mu. Hatsinsa na waccan shekara dai ya tafi, bashin maganin kuma shi ya biya, ba ni ba, ba masanin ba. Damina na tafe, murzuna kuma ba ta jin Faransanci. Allah ya ba mu ikon gyarawa.